Daga Akwatin Dandago Zuwa Kwamfuta: Tarihin Sauraro a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya saba bin Titin Ibrahim Taiwo a birnin Kano ya san ginin Gidan Rediyon Kano, kuma da wuya a sami mai sauraron tashar da bai taɓa jin masu gabatarwa suna cewa daga Gidan Bello Dandago suke magana ba. Abin da da yawa daga cikin matasanmu mazauna birane ba su sani ba shi ne, mai wannan suna ba baƙo ba ne a ƙasar Gwarzo. Marigayi Alhaji Bello Dandago ya riƙe sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, wadda a wancan zamani take tafiya tare da hakimcin Gwarzo, ya kuma wakilci mutanen wannan yanki a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Ikko a Jamhuriya ta Farko. Kafin rawani ya hau kansa kuwa, yana cikin Hausawan farko da muryarsu ta fito daga cikin akwatin rediyo. Saboda haka idan aka ce za a ba da tarihin sauraro a Gwarzo da Kabo, ba aron tarihin wasu za a yi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda iyayenmu da mu kanmu muka riƙa jin labarai da kiɗe-kiɗe tun daga shekarun 1940 zuwa yau da kwamfuta ta shiga ɗakunanmu. A duk tsawon tafiyar, tambaya ɗaya za mu riƙe: a kowane zamani, a hannun wa zaɓi yake? Wa ke yanke abin da za a ji, da lokacin da za a ji shi?

Akwatin da ba shi da allura

Kafin zuwan rediyo, labari a ƙasarmu ƙafa gare shi. Fatake da 'yan koli su ne ke kawo shi daga Kano ko Malumfashi ko Funtuwa, a baje shi ranar kasuwa a Getso ko Gwarzo ko Garo, sankira kuma ya zaga da saƙon hakimi ko dagaci. Kiɗa ma sai makaɗi ya zo da kansa. Wanda yake son jin gangar noma sai ya je gayya, mai son kalangu ya bi 'yanmata dandali ko ya tsaya rumfar mahauta. Daga 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara shigowa, amma masu iya karatun boko tsiraru ne, don haka ita ma sauraronta ake yi: mutum ɗaya ya karanta, sauran su kasa kunne.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya buɗe ƙofa. Turawan Ingila suna buƙatar sojoji da gyaɗa da goyon bayan jama'a, ga shi kuma ƙasar Nijar da ke arewa da mu tana hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942. Sai aka ƙarfafa gidan rediyon Ankara da ke ƙasar Gana ta yau, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, domin ya riƙa watsa labaran yaƙi ga Afirka ta Yamma. A 1941 aka ɗauki mutum biyu daga cikin waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina don su riƙa karanta labaran da Hausa: Malam Isa Kaita, wanda daga baya ya zama ministan ilmi na Jihar Arewa kuma Wazirin Katsina, da Malam Bello Dandago, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Kano. Sun yi wannan aiki har zuwa 1944.

A wannan shekara ta 1944 ce, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kafa rediyon waya a Kano, Malam Bello kuma ya dawo gida ya kama aiki a cikinsa. Yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda wannan rediyo yake, domin ya sha bamban da wanda muka sani. Ofishi guda ne yake kamo shirye-shirye daga Landan da sauran wurare, ya haɗa da nasa na gida, sannan ya tura su ta cikin waya zuwa lasifikokin da aka kakkafa a bainar jama'a, kamar ƙofar gidan Sarki da ɗakin karatu da gidan waya, da kuma akwatunan da masu hali suke haya ana kafa musu a gida suna biya wata-wata. Akwatin ba shi da allurar neman tasha. Iyakar ikon mai shi ya ƙara murya, ko ya rage, ko ya kashe. Abin da hukuma ta ga dama shi za a ji. Manazarci Brian Larkin ya yi bayanin wannan zamani a littafin da ya wallafa a 2008 kan kafofin watsa labarai a Kano.

Mu kuwa da ke kimanin kilomita 70 yamma da birni, ko wannan ɗin ba mu samu ba, domin inda waya ta tsaya nan murya ta tsaya. Sai dai wanda ya kai gyaɗa ko auduga Kano ya dawo yana ba da labarin bangon da ke magana.

Da batir ya zo

Abin da ya kawo rediyo ƙauye wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ake kira tiransisto, wadda ta maye gurbin manyan ƙwayaye masu zafi da cin wuta da ke cikin tsofaffin rediyo. An fara sayar da rediyo mai tiransisto a Amurka a 1954, kamfanonin Japan suka biyo baya suka karya farashinsa. Ba ya buƙatar lantarki, batir irin na cocila ya ishe shi, ana kuma iya rataya shi a kafaɗa. Zuwa shekarun 1960 ya fara zama abin da manomi ke saye idan ya sayar da gyaɗa, bayan keke ko kafin keke, gwargwadon ra'ayin mutum.

An yi dace kuma, lokacin da akwatin ya iso, abin saurare da Hausa ya yawaita. A ranar 13 ga Maris, 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, kuma muryar farko da aka ji ta maƙwabcinmu ce, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. A 1963 Muryar Jamus da Rediyon Sin suka buɗe sassansu na Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, sai Rediyon Faransa can a 2007. Akwai kuma Masko da Alƙahira da Tehran. Harsunan Afirka kaɗan ne manyan ƙasashen duniya suka yi wa irin wannan rububi, kuma ba don kyan fuskarmu suka yi ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kowa yana neman kunnen mutanen da suka fi kowa yawa a wannan sashe na Afirka. Amma abin nema ya samu: talaka a Kutama ko Durun ya sami damar jin labari ɗaya daga bakuna uku, ya auna da kansa.

Yadda muryar Landan take isowa Lakwaya alhali ta Ikko takan gagara, sirrin yana ga gajeren zango. Igiyarsa tana tashi sama ta bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki da ke can ƙololuwar samaniya, ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomitoci. Shi ya sa murya takan yi ta zuwa tana komawa kamar igiyar ruwa, shi ya sa kuma tashoshin matsakaicin zango na nesa suka fi kamuwa da dare. Dattawanmu ba su karanta wannan a makaranta ba, amma sun san a kan mita 49 ake samun Kaduna, sun san mitar da ta fi kyau da asuba da wadda ta fi kyau da azahar, kuma idan batir ya yi sanyi sun san a shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo. Akwatin ma riga ake ɗinka masa ta fata ko ta yadi, kamar ɗa.

A nan zaɓi ya fara shigowa hannun mai sauraro, to amma hannun mutum ɗaya ne, wato mai akwatin. A ƙofar gidan dagaci, ko teburin mai shayi, ko shagon tela, shi ke murɗa allura, sauran jama'a su bi. Ta irin waɗannan majalisu mutanenmu suka ji labarin kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966, ta nan iyayen sojoji suka riƙa bin labarin Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, ta nan aka koya wa jama'a komawa tuƙin hannun dama a 1972 da lissafin naira da kwabo a 1973, ta nan kuma aka ji rasuwar Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976 da ta Malam Aminu Kano ranar 17 ga Afrilu, 1983. Ganin watan azumi da na salla, kiran maniyyata zuwa sansanin alhazai, cigiyar yaro ko ta saniya, sanarwar rasuwa, duk rediyo ya karɓe su daga hannun sankira.

Ba a cika ambaton mata ba idan ana wannan tarihi, alhali kuwa su ne suka fi kowa cin moriyarsa. Matar da ke cikin kulle, wadda ba ta zuwa majalisa ba ta zuwa kasuwa, idan maigida ya fita ya bar akwatin a tsakar gida, tana daka tana jin tafsiri, tana saƙa tana jin bayanin rigakafi da renon ciki, tana kuma dariyar Samanja Mazan Fama da Duniya Budurwar Wawa daidai da kowa. A ganina babu wata makarantar yaƙi da jahilci da ta shiga gidajen da rediyo ya shiga.

Sai kuma Zaɓi Sonka. Sunan shirin kaɗai ya isa shaida cewa mai sauraro ya fara neman a ji ta bakinsa. Mutum zai sayi kati, ya rubuta sunansa da garinsu da jerin waɗanda yake gaisarwa, ya nemi a sa masa Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya Jos, ya jefa a gidan waya, sannan ya zauna jiran makonni. Ranar da aka karanta katin, aka ambaci Gwarzo ko Kabo ko Godiya a Rediyon Kaduna, ranar gari ya ɗauka. Daga nan ƙungiyoyin masu sauraro suka tsiro, aka ƙulla zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga nan har Maraɗi da Kumasi.

Kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma bai zama ruwan dare a ƙasar nan ba sai tsakiyar shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da rediyo mai kaset ya cika kasuwanni. Faifan garmaho da ya riga shi abin 'yan kasuwa ne da masu sarauta, yana da tsada, yana fashewa, kuma ba a iya ɗaukar murya da shi a gida. Kaset kuwa yana da jan maɓalli. Wannan maɓalli ya mai da kowane mai rediyo ɗan ƙaramin gidan rediyo. Ana ɗaukar waƙa daga Kaduna kai tsaye, ana ɗaukar wa'azin malami, ana ɗaukar makaɗin da ya zo biki ko kalankuwa, kuma ɗan cirani a Ikko ko mazaunin Makka da bai iya rubutu ba yakan cika kaset da gaisuwa da saƙo ya ba mai tahowa gida. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, daga nan masu baro da masu keke suke ɗauko kaya zuwa kasuwanninmu.

Da kaset mai sauraro ya mallaki lokaci. Bakandamiyar Shata ba sai ta jira mai gabatarwa ba, ko da tsakar dare aka so ji sai a danna. Wahalarsa dai sananniya ce: zare ya sarƙe, a zaro shi a hankali, a naɗe da biro, in ya tsinke a liƙa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe maganar jan maɓallin nan, domin za mu komo kanta.

Zangon FM da wayar hannu

Wannan zango kusan kowa ya shaide shi, don haka ba sai an tsawaita ba. Dokar soja ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, Raypower ta fara a Ikko a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003, wasu da dama suka biyo sahu. Zangon FM murya tangaran gare shi, sai dai ba ya tafiya nesa, domin a miƙe yake tafiya ba ya dawowa daga sama. Kabo da ta fi kusa da birni ta fi samunsa da sauƙi, a wasu ƙauyukan yammacin Gwarzo kuwa sai an ɗaura wa eriya waya an ɗaga ta a kan gora. Zuwan wayar hannu a 2001 ya gajarta jiran makonnin nan na kati ya koma na daƙiƙoƙi, shirye-shirye irin su Inda Ranka suka sa talaka ya riƙa kai kukansa a ji shi a ranar.

Kwamfuta ta ƙofa uku

Kwamfuta ba ta shigo harkar sauraro ta ƙofa ɗaya ba, kuma ƙofar gida ita ce ta ƙarshe. Ta fara shiga ɗakunan ɗaukar waƙa ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa, ba da jimawa ba kuma aka koma haɗa kiɗan gaba ɗaya a cikin kwamfuta da manhajoji irin su FruityLoops da Cubase. Mutum ɗaya da allo da linzami ya tsaya a madadin masu kalangu da 'yan amshi. Gidajen rediyo su ma suka ajiye manyan faya-fayan zare, mai gabatarwa ya koma danna jerin da aka shirya masa a kwamfuta.

Ƙofa ta biyu ita ce shagon masu turi, kuma ita ce ta fi shafar ƙauye. Tushen sana'ar wata dabara ce da masana a ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa a farkon shekarun 1990, wadda ake kira MP3. Dabarar tana zubar da sassan sauti da kunnen ɗan Adam ba ya tantancewa, sai girman waƙa ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma ba tare da mai sauraro ya lura sosai ba. Da wayoyi masu ɗaukar katin memori suka yawaita a ƙarshen shekarun 2000, sai matasa suka kafa tebur da kwamfuta da lasifika da ɗan janareta, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa bakin tashoshin motarmu da rumfunan cajin waya. Ka miƙa memori, ka faɗi abin da kake so, waƙoƙin fim ko bege ko karatun Alƙur'ani ko tafsiri ko Shata, a cika maka da kuɗi kaɗan. Wanda bai taɓa taɓa linzami ba ya ci moriyar kwamfuta ta hannun ɗan unguwarsu. Cikin 'yan shekaru kasuwar kaset ta mutu, ta faifan CD ta bi bayanta, mawaƙa da masu shirya fim kuma suka yi ta kukan cewa ana cin guminsu, kuma kukan nasu yana kan hanya.

Ƙofa ta uku ita ce ta gidajenku, 'yan uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko da ƙasashen waje. A farkon shekarun 2000 malaman jami'a da ma'aikatan banki da manyan ma'aikatan gwamnati suka fara ajiye kwamfutar tebur a falo, da 'yan lasifikoki biyu a gefe. Manhajoji irin su Winamp, wadda ta fito a 1997, da Windows Media Player sun kawo abin da kaset bai taɓa iyawa ba. Mutum zai jera waƙoƙi ɗari yadda yake so, ya sa Narambaɗa bayan Barmani Choge, ya tsallake wadda ba ya so, ya maimaita wadda ta taɓa masa zuciya, ya ja ɗan layi ya koma daidai baitin da yake nema ba tare da naɗe zare ba. In ya ga dama ya bar na'urar ta yi ta zaɓo masa a hargitse. Aikin da a da sai ma'aikacin gidan rediyo yake yi, ya dawo hannun maigida, in dai wutar lantarki ta yarda.

Rediyon kansa ya biyo ta wannan ƙofa. Tun cikin shekarun 1990 aka fara tura sauti kai tsaye ta intanet. Maimakon igiya ta bi iska, sai a daddatsa muryar gunduwa-gunduwa a turo, kwamfuta ta tara 'yan daƙiƙoƙi a ajiye sannan ta fara karantawa, abin da ya sa mai ji ta intanet kullum yana ɗan bayan mai ji ta akwati, kuma idan layi ya yi rauni sai murya ta tsaya cak. Ɗalibanmu da ke karatu a Ingila da Malesiya da Masar su ne suka fara ɗanɗana daɗin wannan, suna jin labaran BBC da Hausa a ɗakunan kwanansu, lokacin da mu nan sai an je kafe an biya kuɗin sa'a. A yau wayar da ke aljihu ita kanta kwamfuta ce, tashoshin Kano da dama suna watsa shirye-shiryensu kai tsaye ta intanet da Facebook, shirin da ya wuce mutum kuma yakan same shi a ajiye. Ɗan Gwarzo da ke Fatakwal yana iya rigan mahaifinsa da ke gida jin abin da ya faru a Kano.

Idan aka dubi tafiyar daga akwatin 1944 zuwa nan, za a ga zaɓi ya sauko mataki-mataki daga hukuma zuwa mai akwati, daga mai akwati zuwa kowane mutum shi kaɗai da abin toshe kunnensa. Ci gaba ne babu shakka. Sai dai majalisar da ke watsewa da muhawara bayan labaran dare ta ragu, kuma uba da ɗa suna iya kwana gida ɗaya shekara guda ba su saurari abu ɗaya tare ba.

Kada kuma a yi gaggawar yi wa tsohon akwati jana'iza. A watan Satumba na 2021, da hukumomi suka rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Malumfashi da Funtuwa da ke maƙwabtaka da mu, duk wata waya mai tsada ta koma madubi, rediyo mai batir shi ya ci gaba da magana. Manomi da makiyayi sun riga sun yanke nasu hukuncin: akwatin da suke saye yanzu yana kama tasha, yana da ramin memori, yana da fitila, wani ma rana ke caja shi. A ɗaya ɓangaren kuma, muryoyin nesa ba su da tabbas. Muryar Jamus ta rufe tasharta ta gajeren zango da ke Kigali a 2015, a watan Maris na 2025 kuma shirye-shiryen Sashen Hausa na Muryar Amurka suka tsaya sakamakon umarnin gwamnatin ƙasar, bayan shekara 46 ana jin su.

Abin da ke cikin adaka

Yanzu sai mu koma kan jan maɓallin nan. Kwamfuta tana ba mutum zaɓi ne kawai a cikin abin da aka zuba mata. Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya sun tsira, domin gidajen rediyo da kamfanoni sun ɗauke su, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsu, masu turi kuma sun yaɗa su, ko da yake sau da yawa da sunan waƙa a karkace, ba shekara ba wuri. To ina makaɗan noman ƙasar Gwarzo? Ina masu kalangun Kabo da 'yan kiɗan ƙwarya na gidajen biki, da mawaƙan siyasar NEPU da PRP da NPN na ƙauyukanmu, da malaman da suka shekara talatin suna tafsiri a masallatan garuruwanmu? Mafi yawansu babu kamfanin da ya taɓa ɗaukar su. In akwai muryarsu a duniya, to tana cikin kaset ɗin da wani ya danna wa jan maɓalli a 1978 ko 1985, yana nan cikin adaka ko kwali a ɗakin wata tsohuwa, tare da saƙon ɗan cirani da muryar kakan da jikokinsa ba su taɓa ji ba.

Kaset kuwa ba ya jira. Zafi yana sa zaren ya manne, damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana cinye shi, na'urorin da ke juya shi kuma suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Duk gidan da aka yi rabon gado ko aka rushe ɗakin ƙasa aka yi na siminti, akwai yiwuwar an zubar da irin wannan kwali a bola.

Aikin ceto shi bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba, kuma kayan aikin suna gidajen da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla. Ana buƙatar rediyo mai kaset mai lafiya, da 'yar waya da za ta haɗa ramin abin sauraronsa da ramin shigar sauti na kwamfuta, da manhajar ɗaukar sauti irin Audacity wadda kyauta ake samun ta. Ba a yi masa gaggawa, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90. Ya kamata a fara ajiye kwafi na asali wanda ba a matse ba, sannan a fitar da na MP3 don rabawa. Ta fuskar wuri babu damuwa: minti ɗaya na MP3 kimanin megabait ɗaya yake ci, ke nan katin memori mai gigabait 32, wanda bai kai girman farce ba, zai ɗauki kaset sama da 300.

Abin da ya fi na'ura wuya shi ne bayani. Kowane kaset sai a zauna da mai shi ko magadansa a nemi izininsu, a rubuta sunan mai kiɗan ko mai karatun, da garinsu, da shekarar da aka ɗauka ko abin da ya faru a shekarar in an manta, da bikin ko taron da aka yi, da sunan wanda ya ɗauka. Saƙon iyali da ba a so ya fita sai a mayar wa masu shi da kwafinsu, kada ya shiga hannun masu turi. Idan kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki gunduma biyu ko uku, reshen Kaduna ya ɗauki Getso da Kutama misali, na Abuja ya ɗauki Garo da Gude, ɗalibanmu da ke hutu za su iya zagawa su tattaro cikin rani ɗaya. A ajiye kwafi ɗaya a sakatariyar ƙungiya, ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ɗaya kuma a Jami'ar Bayero, sannan a mayar wa kowane gida da kaset ɗinsa haɗe da memori mai ɗauke da abin da ke ciki.